Muryar Sila

A shekarar da aka mai da Malama Theresa garin Zuru daga Mahuta, damina ta yi nauyi, har Satumba ta raba ruwa bai nuna alamar ɗaukewa ba. Makarantar da aka tura ta tana can bakin gari, a gindin dutse, inda gidaje suke ƙarewa gonakin dawa su karɓa. Firamare ce 'yar ƙarama, dogon gini guda mai rufin kwano da ya sha tsatsa, sai wani guntun aji da iyayen yara suka ɗora da kansu. Tsakanin makarantar da unguwar da yawancin yaran suke fitowa akwai rafi. Da rani yashi ne zalla, awaki ma a ciki suke kwanciya. Da damina kuwa, in aka yi ruwa a kan duwatsu, kafin ka ankara ya cika ya yi ja wur, ko da a cikin gari ba a ga ɗigo ba.

Aji biyar aka ba ta. Theresa siririyar mace ce mai saurin tafiya da saurin magana, ta haura talatin ba ta yi aure ba, kuma ta daɗe da daina ba mutane amsa a kan haka. Duk cikin darussa Turanci ta fi so, ta kuma san ramukan da yara suke faɗawa a cikinsa. Yaran nan Dakarci suke yi a gida, Hausa a kasuwa da wajen wasa, Turanci kuwa sai an tsare su a aji. Ita kanta Dakarcinta bai wuce na gaisuwa da cinikin tumatir ba, saboda haka da Hausa take yi musu bayani, sai ta ga sun kama sannan ta juya harshe.

Da jimla ta fara. Ta ce musu kowace jimla kashi biyu ce: akwai wanda ake magana a kansa, shi Turawa ke kira subject, akwai kuma abin da aka faɗa game da shi, wato predicate. Ta rubuta The goat eats grass a allo, ta ja layi da alli tsakanin akuyar da cin ciyawarta. Da suka gane wannan sai ta shiga inda gizo yake saƙa: in wanda ake magana a kansa shi kaɗai ne, kalmar aiki tana ɗaukar s a wutsiya, in kuwa sun kai biyu sai ta yar da shi. The goat eats, the goats eat. Ta ce su ɗauki s ɗin nan kamar ƙarangiya guda ɗaya tak, in ba ta maƙale wa akuya ba to ta maƙale wa ci, amma ba ta kama su duka biyu. Yara suka yi ta dariya, suka yi ta rerawa a bayanta har 'yan aji huɗu suna leƙowa ta taga.

Don abin ya zauna musu, sai ta ce kowa ya tashi ya gina jimla da sunansa. Japhet ya ce Japhet carries water. Bushira ta ce Bushira sells groundnuts. Haka aka bi layi har aka zo kan wata yarinya da ke zaune bakin taga, baƙa, mai askakken kai da manyan idanu, sunanta Magdalene. Ta tashi ta ce, "Magdalene go to school."

Theresa ta gyara mata, ta ce goes. Yarinyar ta sunkuyar da kai ta zauna.

Abin da ya ɗaure wa Theresa kai shi ne duk ajin babu wanda ya kama darasin kamar Magdalene. In aka ba ta akuya ko manomi ko sojoji ko Japhet, ba ta taɓa kuskure, ita ce ma take raɗa wa na bayanta amsa. Amma da zarar sunanta ya shigo jimla, sai ta yar da s. Magdalene sweep the room. Magdalene are tired. Akwai kuma wani abin. Kowane benci yara huɗu ne a matse, wani ma biyar, amma a bencin Magdalene akwai fili na mutum guda tsakaninta da taga, ba mai zama. Theresa ta taɓa tura wani yaro wurin, ya tafi kamar zai zauna, sai ya zame ya zauna a ƙasa. Ta ɗauka faɗan yara ne ta ƙyale.

Ran da abin ya kai ta maƙura, hadari ya haɗu tun da safe, aji ya yi duhu kamar magariba. Ta kira Magdalene gaban allo, ta ba ta alli ta ce ta rubuta jimlar daidai. Yarinyar ta rubuta yadda ta saba, da kyakkyawan rubutunta. Theresa ta goge ta ce ta sake. Ta sake rubuta abu ɗaya.

"Magdalene mutum nawa ce?" in ji Theresa.

Yarinyar ba ta amsa ba. Ajin ya yi tsit, irin shirun da Theresa ba ta taɓa samu daga gare su ba ko da bulala. Ruwa ya fara ɗiga a kan kwano ɗaya bayan ɗaya. Ta sake tambaya, shiru. Ranta ya ɓaci, don a ganinta wannan taurin kai ne na yarinyar da ta san ta fi kowa. Ta ɗauko rula ta ce ta miƙo hannu, ta ba ta a tafi. Magdalene ba ta yi kuka ba, ko ƙifta ido ba ta yi ba. Ta sauke wannan hannun, ta miƙo ɗayan a hankali.

"Malama, saura na Sila."

Wata yarinya a can baya ta fashe da kuka. Yara suka shiga ƙus-ƙus da Dakarci, ba wanda ya yarda ya haɗa ido da malamar. Theresa ta tsaya da rula a hannu, ta ji tsigar jikinta ta tashi ba tare da ta san dalili ba. Ta ce da yarinyar ta je ta zauna.

Da aka tashi tara ta sami hedimasta, Malam Jabiru, a barandar ofis yana ɓarar dafaffiyar gyaɗa. Dattijo ne da ya kusa ritaya, kuma da ya ji sunan Sila sai ya ture gyaɗar gefe. Ya ce laifinsa ne da bai gaya mata tun farko ba. Magdalene 'yan biyu ce, Sila ɗan'uwan haihuwarta ne, benci ɗaya suke zama tun aji ɗaya, in ɗaya ya yi laifi tare ake hukunta su, don ɗayan ba ya yarda a bar shi. A watan Yuli, ana dab da hutu, an tashi makaranta rana tsaka, sama fes, ba wanda ya san an sheƙa ruwa a kan dutse. Su biyu suna tsakiyar rafi ruwan ya sauko. Ita ta kama saiwar wani itace, shi ruwa ya tafi da shi. Sai washegari aka tsinci gawarsa a can ƙasa, a bakin wata gonar shinkafa.

Theresa ta zauna a kan matakala. Malam Jabiru ya ƙara da cewa akwai abin da ya kamata ta sani don kada ta yi suɓutar baki a gari: uban yaran, Kofur Dawuda, yana Darfur wajen aikin kiyaye zaman lafiya, kuma har yau ba a gaya masa ba.

Daga ranar ajin ya canza mata. In tana jan su karatu suna amsawa gaba ɗaya, the farmer works, the farmers work, sai ta riƙa jin kamar akwai wata murya da ke makara, tana ƙarasa kalmar bayan kowa ya yi shiru. In ta waiga, bakin kowa a rufe. Filin nan na kusa da taga kuwa kullum da safe a jiƙe take samun sa. Ta ɗaga kai ta duba, akwai 'yar huda a kwanon daidai wurin, ta ji daɗin ganinta. Amma akwai safiyar da aka kwana ba a yi ruwa ba, ta sa hannu ta ji katakon da damshi. Ta gaya wa kanta raɓa ce ta shigo ta taga, ba ta kuma sake taɓa wurin ba.

Ranar Asabar da yamma ta ɗaura zane ta nufi gidansu Magdalene. Sai da ta tsaya ta dubi kan duwatsu da kyau kafin ta tsoma ƙafa a rafin, ko da yake ruwan bai wuce ƙauri ba. Ta tarar da uwar, Rachel, tana tace gasarar kunun da take sayarwa a bakin tasha. Mace ce doguwa da rama ta fito mata da ƙashin wuya, kuma har yanzu Maman Biyu kowa yake kiran ta. Theresa ta yi mata gaisuwar rashi, ta kuma nemi gafara a kan dukan da ta yi wa yarinyar. Rachel ta ce Magdalene ko faɗa ba ta yi ba.

Ta ba ta kujera, ta ci gaba da tatar gasara tana magana ba tare da ta ɗago ba. Ta ce wan mijinta ne da dattawan gida suka yanke shawara. Sun ce mutumin da yake kwana yana tashi da bindiga a ƙasar da ba tasa ba, ba a aika masa irin wannan labari ta waya, a bari ya dawo a zaunar da shi cikin 'yan'uwansa. Ita ma ta ga gaskiyarsu. Amma ba wanda ya yi tunanin ranar Lahadi. Kafin mijinta ya tafi ya bar mata 'yar waya, kuma duk Lahadin da ya samu hali yakan kira bayan an tashi sujada. Lahadin farko bayan an binne yaron, ya gaisa da ita, ya gaisa da Magdalene, sai ya ce a ba shi Sila. Rachel ta ce bakinta ya mutu, ta riƙe waya tana kallon ƙasa. Sai yarinyar ta karɓe wayar daga hannunta, ta buɗe baki, muryar ɗan'uwanta ta fito.

Ba wanda ya sa ta, ba wanda ya koya mata. Tun daga nan kuma haka ake yi kowace Lahadi.

Theresa ta ce wannan kaya ya fi ƙarfin yarinya 'yar shekara goma. Ta ce ta lura ko ƙosan da take zuwa da shi makaranta rabi take ci, rabin ta bar shi a kan benci. Rachel ta ce a gida ma haka take yi da tuwo. Ta matse tsumman tatar da ƙarfi har jijiyoyin hannunta suka fito.

"Malama, in gaya miki gaskiya, ni ma Lahadin nake jira," in ji ta. "Nan kaɗai nake jin shi. Ki zo gobe ki ji da kunnenki, sannan ki gaya mini yadda zan ce ta bari."

Bayan majami'arsu akwai wani falalen dutse, nan ne kaɗai sabis yake tsayawa a unguwar. Washegari da aka tashi sujada, matan zumuntar coci suka watse da gangunansu, Rachel da 'yarta da Theresa suka hau dutsen suka zauna a inuwar wata ɗorawa. Sun daɗe suna jira, rana ta take, dutsen ya fara ɗaukar zafi. Magdalene tana zaune da farar rigarta ta coci, tana tsinkar ciyawa tana jerawa a kan gwiwa. Da wayar ta yi ƙara, Rachel ta ɗauka ta yi gaisuwa, ta ba mijinta labarin gona da na tsohuwarsa da ciwon ƙafa ya dame ta, sannan ta miƙa wa yarinyar.

Magdalene ta yi magana da 'yar siririyar muryarta, mai kunya, tana amsa da to da i. Can ta ce, "Ga Sila." Ta sauke wayar ta manna a ƙirji na ɗan lokaci, kamar mai jiran wani ya ƙaraso. Sannan ta miƙe tsaye.

Theresa ba ta taɓa ganin Sila ba, ko hotonsa. Amma ta ga kafaɗun yarinyar sun buɗe, ta ga ta ɗage ƙafa ɗaya tana sosa ƙaurin ɗayar da babban yatsa, ta karkace kai gefe. Muryar da ta fito mai ɗan kauri ce, mai gaggawa, kalmomi na hawa kan juna, da wata dariya ta hanci da ba ta yi kama da Magdalene ba ko kaɗan. Da Dakarci aka yi hirar, Theresa tana tsintar kalma nan da can: tarko, gafiya, keke. Rachel ta juya musu baya, ta toshe baki da gefen ɗankwalinta, kafaɗunta na rawa. A cikin wannan zafin rana Theresa ta ji sanyi ya ratsa ta tun daga tafin ƙafa.

Ba ta ankara ba ta ga an miƙo mata wayar. Idanun da suka dube ta na Magdalene ne, muryar ma ta koma tata. Ta ce ta gaya wa Baba sabuwar malamarsu tana nan, yana son su gaisa.

Muryar Kofur Dawuda ta zo daga nesa, iska na kaɗa ta, tana yankewa tana dawowa. Ya gaishe ta da ladabi, ya yi mata godiyar ɗawainiya da yara, sannan ya tambayi yadda 'yan biyunsa suke a aji. Theresa ta dubi Rachel, ta dubi yarinyar. Duk maganar da ta kwana tana shiryawa a kan gaskiya da nauyin da aka ɗora wa yarinya ta bi iska.

"Suna ƙoƙari," in ji ta.

"Sila fa? Har yanzu Turancin na ba shi wuya?"

"Yana gyaruwa."

 Tana jin iskar can ƙasar tana busawa a cikin wayar. Can ya ce ya gode, Ubangiji ya saka mata, ta riƙe masa su da kyau.

A hanyar komawa gida sai da ta tsaya a bakin rafi ta wanke fuska. Ranar ba ta iya cin abinci ba.

Cikin makon nan ta tsayar da Magdalene bayan an tashi, ta ce ta taya ta goge allo. Da aji ya zama su kaɗai, ta ce mata akwai hanyar da za ta rubuta jimlar nan ba wanda zai ce ta yi kuskure. In ta sa sunayen duka biyu, Magdalene and Sila go to school, Turanci ne daidai, ko Bature ba zai gyara ba. Yarinyar ta karɓi alli ta rubuta, ta ja da baya ta daɗe tana kallo. Sannan ta sa tafin hannu ta goge sunan ɗan'uwanta.

Ta ce ta san Sila ba ya zuwa makaranta, ta ga lokacin da aka sa shi a rami. In ta rubuta sunansa ta yi ƙarya. Amma in ta sa s, ta yarda ke nan ita kaɗai ce take ƙetare rafin da safe, ita kuwa ba ita kaɗai take ƙetarewa ba. Ta yi maganar a natse, tana kallon allin da ya ɓata mata hannu.

"Hannuna yake riƙe da shi ran nan," in ji ta. "Ban san wa ya saki wani ba. Nakan tambaye shi, ba ya faɗa."

Theresa ta matso kusa. Ta jawo yarinyar jikinta, ta ji ƙasusuwanta kamar na tsuntsu. Ta gaya mata ruwan da ya sauko daga dutse ko ƙato ba ya iya riƙe wani a cikinsa, ba wanda ya saki wani, ruwa ne ya raba su. Magdalene ta saurara da ladabi, kamar yadda take sauraron darasi, amma Theresa ba ta ga alamar maganar ta shiga ba.

Ta je ta sami wan Kofur Dawuda a gonarsa. Tsohon soja ne shi ma, ya karɓe ta da mutunci, ya saurare ta har ta gama, ya sa aka yanko mata rake. Ya ce ya san abin da zaman can yake yi wa kan mutum, ita ba ta sani ba, kuma saura kaɗan ƙanensa ya dawo. Yarinya za ta warke, amma in wani abu ya sami uban, wa zai riƙe gidan? Ta dawo da rakenta a hannu ba ta samu komai ba. Abin da ya rage mata shi ne ta daina tsayar da Magdalene a kan sunanta, ta kuma riƙa kiran ta ofis lokacin tara tana zaunar da ita har sai ta cinye abin da ta zo da shi. Wata rana ta ci, wata rana ta ce ta ƙoshi.

Ruwa ya ɗauke, rafi ya janye ya bar yashi, dawa ta nuna aka shiga girbi. Magdalene ta ƙara ramewa, tana gyangyaɗi a aji, musamman ranar Litinin.

Ana saura kwanaki a yi hutun Kirsimeti Kofur Dawuda ya dawo. Theresa ba ta wurin, a bakin Malam Jabiru ta ji yadda aka yi. Dattawan gida sun taru a tasha tun hantsi, sun shirya wanda zai fara magana da inda za a zaunar da shi. Da bas ta tsaya ya sauko da jakarsa, ya durƙusa ya gaida wansa, ya rungumi 'yarsa. Bai waiga neman kowa ba. Ya dubi matarsa ya tambaye ta inda suka kwantar da yaron, ya ce a fara kai shi can kafin gida.

Bayan kwana biyu ya zo makaranta da kayan gida. Gajere ne, kakkaura, rana ta ƙona shi, yana magana a hankali kamar mai tsoron tada wani daga barci. Suka zauna a benci ƙarƙashin darbejiya, yara na leƙen su daga nesa. Theresa ta fara ba shi haƙuri a kan abin da ta gaya masa a waya, ya ɗaga hannu ya tsayar da ita. Ya ce tun watan Agusta ya sani. Wani yaro ɗan Zuru, direba, da aka kawo sansaninsu daga baya, shi ya zo ya cire hula ya yi masa gaisuwar rashi, bai san ana ɓoyewa ba.

Ta tambaye shi me ya hana shi faɗa, ya sauke wa yarinyar wannan kaya.

Ya daɗe yana murza hularsa. Ya ce da farko ya yi niyya. Lahadin da ta biyo baya ya kira da nufin ya ce musu ya ji, su daina wahalar da kansu. Sai aka ce ga Sila, sai ya ji muryar. Ya ce a wurin da yake babu komai sai rairayi da zafi da abubuwan da ba zai so ya ba mace labarinsu ba, kuma wannan 'yar hirar ita ce take kai shi wata Lahadin. Ya san son kai ne. Sai da ya ga wuyan 'yarsa a tasha ya san abin da ya jawo mata.

"Amma Malama, akwai abin da ban gaya wa uwarsu ba," in ji shi, ya rage murya. "Na san muryar ɗiyata, ni na haife ta. Akwai ranakun da ita ce take kwaikwayo, ina ji, ina biye mata. Akwai ranakun da ba ita ba ce."

Theresa ta ce 'yan biyu ne, tare suka tashi, ba abin mamaki ba ne ta iya shi fiye da kowa. Ya gyaɗa kai ya ce haka fasto ma zai ce. Sai ya ce kafin ya tafi ya kai Sila bayan gari su biyu kaɗai, ya nuna masa wani kogo inda ya ɓoye wata 'yar wuƙa da ya yi alkawarin ba shi in ya shiga aji shida, ya sa shi ya rantse ba zai gaya wa kowa ba, har 'yar'uwarsa. A watan Oktoba muryar ta tambaye shi ko wuƙar ba za ta yi tsatsa ba a cikin kogon, da wannan ruwa da ake yi.

"Wataƙila ya gaya mata," in ji Theresa.

"Wataƙila," in ji shi. Ya sa hularsa ya miƙe.

Kafin ya wuce, ya ce a bakin kabarin ya durƙusa ya riƙe hannun Magdalene duka biyu, ya gaya mata ya dawo, ta yi aikinta ta gama, yanzu shi zai kula da Sila, ita ta huta. Da suka koma gida ta kwanta, zazzaɓi ya rufe ta. Shi ya sa ba ta zo makaranta ba.

Theresa ta je dubiya ran da aka ba da hutu. Ta tarar zazzaɓin ya sauka, amma muryar yarinyar ta dushe gaba ɗaya, sai raɗa. Tana zaune a kan tabarma tsakanin ƙafafun ubanta da kwanon fate a gabanta, tana ci a hankali, shi kuma yana gyara wani tsohon keke. Ta ɗago ta yi wa malamarta murmushi, ta nuna maƙogwaronta da yatsa. Rachel ta ce a asibiti an ce sanyi ne, zai wuce.

Ya wuce ɗin, amma Theresa ba ta ji muryar da ta dawo ba. Bayan sabuwar shekara aka mai da Kofur Dawuda wani bariki a Kaduna, ya kwashe iyalinsa, ya ce ba zai sake barin su a bakin rafin nan ba. Sun zo sallama ranar da Theresa ta tafi Mahuta duba mahaifiyarta, sai saƙon gaisuwa ta tarar da ƙullin gyaɗa a wajen maƙwabciya.

Ta ƙara shekaru a makarantar, aji biyar ɗin dai, kuma kowace shekara tana koyar da darasin nan a farkon zango, yara suna kama shi da kyau. Sai dai ba ta sake cewa wani yaro ya tashi ya gina jimla da sunansa ba. Awaki take ba su, da zabi, da 'yan acaɓa, da motocin da ke zuwa kasuwa. Wani mai duba makarantu da ya taɓa zama a ajinta ya yaba mata, amma ya ba ta shawara ta riƙa sa sunayen yaran a misalai, ya ce sun fi jin darasi in ya shafe su. Ta ce masa to, ta gode. Da ya tafi ta ɗauki alli ta ci gaba da zabinta.